Maƙogwaron Janar Tsatsa

Duk Juma'a bayan La'asar, Hajiya Habibatu takan sauke tandar masa, ta jawo rediyo kusa da tabarmarta, ta zauna musamman domin ta ji haushi.

Shirin da take jira sunansa Birnin Wata. Labari ne na wani zamani mai zuwa, lokacin da mutane suka koma zama a duniyar wata, sai wani mutum-mutumin ƙarfe mai suna Janar Tsatsa ya ƙwace tankin ruwan garin, ya hana kowa sakat. Muryarsa kauri gare ta kamar ana jan duro a kan siminti. Idan ya ce, "Ni za a mayar sakarai? To, mu zuba mu gani," har yaran unguwarsu ta Fadaman Mada matsawa suke yi daga rediyo.

Bauchi kuwa ta ɗauki mugun nan da zafi. Masu Keke Napep sun rubuta "Mu zuba mu gani" a bayan kekunansu. Wani a Tirwun ya raɗa wa ragonsa mai tunkuyi Janar. A GRA ma akwai matan da suka buɗe zaure a WhatsApp suna kare shi, wai ba mugu ba ne, almubazzaranci kawai ya tsana. Hajiya ta ce duk gulma ce, mutumin bai samu tarbiyya ba, kuma da ta san uwarsa da ta je ta faɗa mata.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne autanta Mahfuz ne ke rubuta shirin, shi ke haɗa shi a wani ƙaramin gidan rediyo, amma ya ƙi faɗa mata wanda ke yin muryar Janar. 'Yan unguwa sun so su zarge shi, sai dai muryar Mahfuz ko kaza ba ta kora. Maƙwabciyarta Fatu ta taɓa cewa salon maganar Janar kamar ta san mai irinsa. Hajiya ta harare ta, ta ce ita dai ba ta hulɗa da marasa mutunci.

Ranar da Janar ya kori wata tsohuwa daga layin ruwa don ta zubar da rabin kofi, haƙurin Hajiya ya ƙare. Ta buga waya a filin ra'ayin masu sauraro, ta ce duniya ta shaida, ko ma wane ne ke yin muryar Janar, Allah ya toshe masa maƙogwaro. Mahfuz ya dawo gida a guje, ya roƙe ta ta janye, ya tuna mata bakin uwa ba abin wasa ba ne. Ta ce ai shi ya sa ta yi amfani da shi.

Juma'a ta zagayo, babu Janar. Aka ce ya shiga ɗakin gyara. Wata Juma'ar ma shiru. Hajiya ta yi farin ciki ƙwarai, kuma da ta rangaɗa guɗa, ba don hayaƙin tanda da ruwan sanyi sun haɗa mata murar da ta dishe mata murya ba. A raɗa ta riƙa gaya wa masu sayen masa cewa addu'arta ce ta ci.

Masu sauraro ba su taya ta murna ba. Waɗanda suka fi zagin Janar su suka fi kiran waya suna tambayar ina yake, suna cewa shirin ya zama miya ba gishiri. Manajan gidan rediyon ya kira Mahfuz ya yi masa magana ɗaya: ko Janar ya dawo Juma'a mai zuwa, ko a ba masu tallar maganin basir filin.

Mahfuz ya rame. Amma abin mamaki, damuwar ta sa ya ƙara biyayya. Kullum sai ya shigo da zuma da citta da kanumfari, ya dafa da hannunsa, ya tsaya har ta shanye. Ya hana ta ruwan sanyi, ya karɓi fifitar wutar tanda. Tausayinsa ya kama ta, ta riƙa sa masa albarka a raɗa, duk da ba ta yi nadamar addu'arta ba.

Ran Laraba ta tashi garau. A ranar ce kuma aka kawo ruwan famfo bayan an daɗe ba a gan shi ba, a ranar ce Mahfuz, wanda ba a san shi da mantuwa ba, ya bar famfon a buɗe har tsakar gida ta zama kududdufi. Hajiya ta fito ta sauke masa kwandon faɗa, har Fatu tana ji ta katanga. Ya tsaya kai a sunkuye, waya a aljihun gaban riga, bai katse ta ba har ta gaji don kanta.

Ran Juma'a Janar Tsatsa ya dawo da fushin da ba a taɓa ji ba. Masu shaguna suka ƙure rediyo, manaja ya aiko wa Mahfuz saƙon jinjina. Hajiya ta riƙe baki.

"Ka ji mara kunya, a kan ruwa kawai yake wannan tijara," in ji ta, ta ɗaga hannu za ta sake kai ƙara sama.

Mahfuz ya yi wuf ya miƙa mata kofin zuma da citta. "Hajiya, don girman Allah, wannan karon ki bar masa maƙogwaronsa."

Shi kaɗai ya san wahalar da ya sha jiya a ofis, yana tsame sunansa daga faɗan ranar Laraba da ya naɗa a waya, kafin ya kaurara muryar mahaifiyarsa a kwamfuta ta koma ta Janar Tsatsa, kamar yadda ya saba tun kashi na farko.