Fil a Bakin Mai Ulu

Mai Ulu ba ta san zama ba. A ɗaki ɗaya take saƙar kwarashi, ta ɗinka yadi, ta jera duwatsun ado a jikin jakunkunan hannu na mata, kuma duk a lokaci guda take son ta yi su. Ƙafa a kan keken ɗinki, waya maƙale a kafaɗa, ido a kan tukunya. Hannu biyu sun yi mata kaɗan, shi ya sa take jera fil a tsakanin leɓɓanta, tana zarowa ɗaya-ɗaya tana kafe yadi.

Yayarta ta sha yi mata faɗa. "Ke dai ki cire ƙarfen nan daga bakinki. Ga ƙaramin matashin fil na ɗinka miki, me ya hana ki soka su a ciki?"

"Yaya ke nan," in ji ta, tana magana ta gefen baki. "Kafin in miƙa hannu wajen matashi ai na kafe jaka guda. Bakin nan shi ne hannuna na uku."

Ko maigidanta sai dai ya yi dariya, ya ce shi kam ya auri bushiya.

Wata rana da hantsi, mai shagon da ke sarar jakunkunanta ta kira tana ƙorafin an makara da kaya. Mai Ulu na ba ta haƙuri, tana kafe shafi a cikin wata jaka, fil huɗu a baki. Sai autarta, wadda ba ta daɗe da fara gudu ba, ta jawo farantin duwatsu ya kife. Uwar ta zabura, ta ja numfashi da ƙarfi za ta daka tsawa.

Tari ya sarƙe ta har da hawaye. Da ta tofar a tafin hannunta, fil uku ta gani.

Ta kakkaɓe zani, ta ɗaga tabarma, ta share ɗakin tas, ta tona duwatsun da yatsa. Babu na huɗun. Amma tarin ya lafa, kuma ba ta jin ciwon komai. Ta leƙa gidan maƙwabciya ta faɗa mata a hankali, kamar mai gulma.

"Wannan ne ya tayar miki da hankali?" in ji maƙwabciyar. "Ki jiƙa auduga da madara ki haɗiye, ki bi da ayaba. Audugar za ta naɗe shi, ya fita da kansa. Ƙanwar mijina haka ta yi."

Mai Ulu ta haɗiye audugar tana yamutsa fuska, ta koma kan aiki. Ba ta faɗa wa maigidan ba, don ta san zai ce a rufe keke a tafi asibiti, ita kuwa jakunkuna na jiran ta. Abin da ba ta sani ba, fil ɗin bai nufi ciki ba. Hanyar iska ya bi, audugar kuma ta yi tata tafiyar daban.

Ta gama kayan, ta karɓi wasu. Tari ya dawo, ta ce ƙurar ulu ce. Wani abu ya fara sukar ta a ƙirji in ta sunkuya, ta ce zaman keke ne. Zazzaɓi ya zo, ta aika kemis. Kullum da abin da za ta ɗora wa laifi, amma ta kasa sukuni, domin a ƙasan ranta ta san ƙarfen nan yana nan. Ta kan tsaya tsakiyar saƙa ta dafa ƙirji tana saurare, sai ta girgiza kai ta ci gaba da ƙirga idon saƙa.

Ranar da asiri ya tonu, tana jera fararen duwatsu a kan farin yadi ne tari ya turnuƙe ta, jini ya fantsama a kai. Yayarta na zaune a wurin.

"Me kike ɓoye mana?" in ji yayar.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirjin ya nuna musu. Ga fil ɗin nan a kwance can ƙasan huhu, wurin ya ruɓe ya tara mugunya.

"Baiwar Allah, da a ranar kika zo, da ta maƙogwaro za mu zura na'ura mu ɗauko shi, ki koma gida," in ji shi. "Yanzu sai mun buɗe ƙirji, kuma sai mun yanke wannan ɓangaren."

Aka yanke. Mai Ulu ta rayu, amma matar da ba ta san zama ba yanzu sai ta huta kafin ta kai bakin ƙofa. Ƙurar ulu kuwa likita ya ce ko kusa, an kwashe zaren an bayar.

Ran da aka sallamo ta, yayar na riƙe da ita suka shiga ɗakin. Auta na zaune kusa da keken, ta shimfiɗa ƙyalle a cinya, ta maƙale murfin gwangwani a kafaɗa kamar waya. Ta ɗago tana murmushi ta gefen baki, fil biyu a tsakanin leɓɓanta.

Mai Ulu ta buɗe baki za ta yi ihu, numfashin bai kai ba. Yayar ce ta durƙusa a hankali, ta miƙa tafin hannu. "Kawo mini, 'yar albarka. Kada ki yi magana, kawo kawai."

Jama'a, baki ba ma'ajiyar fil da allura ba ne, kuma yaranmu na kallon yadda muke aiki. In tsautsayi ya sa wani abu ya wuce, kada a tsaya neman auduga ko jiran a gama kaya. A tafi asibiti a ranar.