Gaisuwar Auta

Kafin Mairo ta gama dama koko, wayarta kan yi ƙara a kan kifaffen turmi. Sai hoton Abdussamad, autanta, ya hau sama: hula a karkace, yana dariya a bakin gonar masararsu ta Ƙarfi. Ɗan karatun yaƙi da jahilcin da ta yi ya ishe ta haɗa saƙon: "Mama ina kwana, ya jiki?" Wani lokaci a ƙara da "a turo min kati." Takan tura, ta wuni fuskarta a sake, har ta leƙa zaure ta kakkaɓe buhun da aka lulluɓe babur ɗinsa da shi.

Ranar Juma'a Almustapha, ɗan ƙaninta, ya zo gaishe ta. Aikinsa tsare kwamfutocin wani kamfanin gurzar auduga a Funtua daga ɓarayin intanet. Mairo ta sha tsokanarsa da cewa shi ne mai gadin da ba ya riƙe ko sanda, kuma har gobe ba ta ga abin da yake gadi ba.

Ta ba shi wayar ya ƙara mata girman rubutu. Ya ga saƙonnin, nan take annurin fuskarsa ya ɗauke.

"Gwaggo, tun yaushe ake turo miki wannan?"

"Ka bar min kayana," in ji ta.

"Wani ne yake amfani da sunansa. Shi da bai taɓa ce miki Mama ba? Kuma ba ke kaɗai yake wa ba, har abokansa yake roƙa."

Ta haɗa shi da Allah, ta haɗa shi da darajar ubansa, ya bar maganar a nan. Ya sunkuyar da kai. Yaro ne mai kunya, amma a kan aikinsa ba ya jin lallashi. Ya koma Funtua ya yi ta zirga-zirga a ofishin masu layin waya, ya kai ƙara inda ake kaiwa, har aka toshe lambar.

Sai ya kira ta. "An gama, Gwaggo. Babu mai sake taɓa sunansa."

"Allah ya yi maka albarka," ta ce, don ta san gaskiya ya yi.

Washegari ta dama koko, ta zauna kusa da turmi har ya huce. Ta buɗe wayar. Inda hoton yake babu komai sai wata da'ira mai launin toka. Nan kukan ya ƙwace mata, irin wanda ta daɗe tana dannewa.

Ai tun saƙon farko ta san ɓarawo ne, domin a gaban idonta aka fita da makarar Abdussamad bara, ranar da wayarsa ta ɓata a wurin hatsarin hanyar Malumfashi.