Furen da Inna Ta Bari

"Wallahi yau sai na faɗa masa!" na ce.

"Gali, ka rufa mana asiri," in ji Yaya Mas'uda.

Kullum da safe Baba sai ya fesa wa furen marigayiya Inna wani maganin shuka da ake haɗawa da ɓawon jatan lande, wai yana ƙara masa kyau. Idonsa ya yi rauni. Furen kuwa tun bara ya bushe, na roba muka sayo a kasuwar Azare muka soka a tukunyar furen. Ni dai na gaji da yaudarar tsoho.

Sai muka ji muryarsa a bayanmu.

"Tun ranar na sani, Gali. Hannuna bai makance ba."

Ya girgiza kwalbar feshin.

"In na daina, me zan tashi in yi da safe?"