Sunan Da Ba A Ɗaure Ba

Ajiye linzamin kwamfutar nan ka saurare ni, Sabi'u. Tun ɗazu nake jin ka kana "ai yana aiki, ai yana aiki." Maganar nan ta kashe mutane da ransu, bari in ba ka misali.

Wani mutum ne ya buɗe cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta, a garin da babu irinta sai an yi doguwar tafiya. Kwamfutoci cike da zaure, duk suna karɓar tambayoyi daga babban inji guda da ke ƙuryar ɗaki. Injin nan ƙofa biyu gare shi a baya, inda ake soka waya: ɗaya ta fita waje zuwa wurin masu shirya jarrabawar, ɗaya ta shiga zaure. Tsohuwar manhajar da ke tafiyar da injin ta raɗa musu suna, ta fari da ta biyu, ta riƙe ba ta taɓa rikita su ba, shi kuwa duk saitinsa da waɗannan sunaye ya yi shi. Sai aka ce lallai kowace cibiya ta sabunta manhaja kafin jarrabawar bana. Ya sabunta. Sabuwar ta zo da nata sunaye, dogaye, haruffa da lambobi a cakuɗe, ba daɗin faɗa, amma kowanne ɗaure yake da gurbin ƙofarsa. Mutumin ya duba ya ga in ya karɓe su, sai ya bi saitinsa ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa. Ƙiwa ta kama shi. Ya tilasta wa injin komawa tsofaffin sunaye, ya kunna, komai ya tashi lafiya lau, ya ce alhamdulillahi ya tafi cin tuwonsa. Bawan Allah bai san sabuwar manhajar ba ta san wace ce ta fari ba. Duk lokacin da aka kunna, ƙofar da ta riga farkawa ita ce ta fari, kamar uwar tagwayen da ba ta ɗaura wa kowa zare a hannu ba, yau wannan ne Hassan, gobe wancan. Sa'a ce kawai take rufa masa asiri.

Ranar jarrabawa yara suka cika zaure, wasu daga ƙauye suka zo suka kwana a gidajen 'yan uwa, iyaye na zaune a gindin dalbejiya a waje. An fara ke nan wuta ta ɗauke. Aka tada janareta, injin ya sake tashi, sunayen suka juye. Tambayoyin da ya kamata su shiga zaure suka nufi waje, yara suka zuba wa allo ido, fari fat. Kai, ka ga tashin hankali! Ya ce waya ce, ya sauya waya. Ya ce masu ba shi intanet ne, ya kira su ya surfa musu masifa, suka ce su nasu lafiya yake. Can ya cire wayoyin biyu ya musanya musu ƙofa, abu ya motsa, zaure ya fara murna. Sai ya ce bari ya kashe ya kunna don ya tabbatar, kuma wannan karon ɗaya ƙofar ce ta riga farkawa, komai ya sake mutuwa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, bai ma san abin da yake dannawa ba. Jami'in da aka turo sa ido bai yi faɗa ba, agogo kawai yake kallo, har lokaci ya cika aka rufe jarrabawar daga can sama. Da ya fito, wata uwa ta tare shi, ba zagi ba tsinuwa, ta ce, "Malam, shekarar ta tafi ke nan?"

Aka soke cibiyar. Bayan ƙura ta lafa ya koma ƙuryar ɗakin nan shi kaɗai, ya yi ta tono har ya gano ciwon. Ashe kowace ƙofa tana da lambar da maƙerinta ya buga mata, wadda ba ta sauyawa har abada, ɗaure suna da lambar nan shi ne duk maganin. Wallahi aikin bai kai alwala ɗaukar lokaci ba. Ya ɗaure, ya kashe ya kunna, daidai. Ya sake, daidai. Ya yi ta kashewa yana kunnawa kamar wanda ya zautu, injin na tashi garau a gaban kujerun da ba kowa. Abin da ke ci min rai, Sabi'u, yaran nan da yawansu ba su sake zama jarrabawa ba. Wani ya tafi ci-rani, wani ya hau acaɓa, shi ke nan karatu ya ƙare. Shi kuwa mai cibiyar in ya hango iyayensu a kasuwa sai ya sauya hanya, har yau bai daina ba.

To, ka tashi yanzu ka ɗaure wa kowace ƙofa sunanta tun zauren naka bai cika da 'ya'yan mutane ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, tun ran gini, tun ran zane.