Injin Saƙa Mai Yawo

Fenti bai bushe ba Uwaisu direba ya sauke injin saƙar a Sharaɗa. Shekaranjiya a Bompai baƙi ne, yau ja. Inji ɗaya tak, amma maigidansa Alhaji ya ciwo bashin gina masaƙu uku a Bompai da Sharaɗa da Challawa daga bankin Turai, masaƙun da ƙannen Uwaisu ke jiran aikinsu tun shekarar tamanin da biyu.

Da Baturen bankin ya zo dubawa, Uwaisu ya ce a ransa sai ya tona asirin, ko a bakin aikinsa. Ya matsa kusa da shi, ya ce: "Yallaɓai, injin nan shi ka gani a Bompai."

Baturen ya goge jan fentin hannunsa, ya amsa da Hausa ras: "Na Challawa ku shafa shuɗi. Kuma ku bari ya bushe."