Mai Ban-ruwa a Gonar Ƙanena

Ranar da ƙanena ya fara takawa bayan doguwar jinya, ya nace sai na raka shi ya ga tumatirinsa a bakin kanal ɗin ruwa na Bunkure. Ni kuwa, 'yan nan, na ɗauka duk ya bushe, don ba mu sa kowa ban-ruwa ba.

Sai ga gona shar, ƙasa a jiƙe.

Maƙwabcin gonar ya ce masa, "Kai ba ka da kirki. Kullum kana nan, in gaishe ka ka share ni."

Can ƙarshen gonar wani na duƙe da fartanya, sanye da rigar ƙanena.

Na damƙe hannun da ke cikin nawa, na ji da ɗuminsa. Na ce, "Auta, kar ka duba. Mu je gida ka sha kunu."