Manomin da Aka Koya wa Tambaya Kaɗai

Malam Sallau, ajiye allin nan ka zauna. Na ga allon da ka kafa a ƙofar makarantarka, wai Faransanci cikin mako biyu domin matafiya. Jiya na sa ƙanena Ɗanlami, ɗalibinka, ya faɗa mini abin da ya koya. Ya zubo jimloli kamar rediyo. Da na mayar masa da amsa da Faransancin da na koyar har na yi ritaya, sai ya tsaya yana kallon bakina. Mutumin nan mako mai zuwa zai ƙetare iyaka da iyalinsa. Tun jiya hankalina bai kwanta ba. Saurari wannan misali.

An yi wani manomin albasa da matarsa ta yi maƙoƙo. Ƙullutun ya girma har ba ta iya kwanciya rigingine, in ta ja numfashi sai ka ji kamar ana busa sarewa. Sai ya sami labarin jirgin ruwan likitoci ya tsaya a wata ƙasa ta bakin teku, ana yi wa masu irin ciwonta aiki, amma da faɗuwar damina zai tashi. A ƙasar Faransanci ake yi. Manomi ya je wurin wani direban babbar mota da ya saba hanyar, ya roƙe shi ya koya masa. Direba ya ba shi gaisuwa, da tambayar hanya, da bayanin ciwon matarsa, da "to, na gode". Manomi mai kai ne, yana ban-ruwa yana tilawa, har lafazinsa ya yi sumul. Amma direba bai taɓa zama ya amsa masa ba ko sau ɗaya, balle kunnensa ya saba.

A tashar jirgin suka tarar da layi. Bayansu akwai wani makiyayi da ya kawo ƙanwarsa, ciwo iri ɗaya, shi ko gaisuwa bai iya ba. Tafinta mai jin Hausa ɗaya ne tal, ana ta jan sa nan da can. Da layi ya zo kan manomi, tafinta ya matso, amma manomi ya riga shi buɗe baki, ya jero bayanin ciwon tiryan-tiryan. Likita ta yi murmushi, ta yi wa tafinta alama ya koma wurin makiyayi, tunda wannan ba ya bukata. Ta dafa wuyan matar, ta ba da ƙwayoyi da kati mai ɗauke da ranar dawowa, sannan ta shiga magana kamar ruwan sama a kan kwano, tana nuna ƙwayoyin, tana nuna ciki. Manomi bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Ya laluba duk abin da ya haddace, babu "ban gane ba" a ciki. Ga matarsa kuma tana dubansa, fuskarta cike da alfahari. Sai ya ce, "To, na gode." A waje ta tambaye shi, "Malam, me ta ce?" Ya ce, "Ta ce da sauƙi."

A masauki ya yi ta juya ƙwayoyin a tafin hannunsa. Ya ba ta, ko kada ya ba ta? In aka sha ba daidai ba fa? Ya koma ƙofar tashar ya tambayi mai gadi da kyakkyawan lafazi, mai gadi ya ba shi doguwar amsa, ya dawo yadda ya tafi. A ƙarshe ya yanke cewa maganin zafin yanka ne, ya ɗaure su a bakin zanenta sai bayan aiki. Ranar da ke kan kati ya nemo koko da ƙosai, ya lallashe ta ta ci ta ƙoshi don ta sami ƙarfi. Da aka auna bugun zuciyarta, fuskar likita ta sauya, aka kira tafinta. A nan ya ji cewa ƙwayoyin kullum ake sha har makonni kafin wuƙa ta taɓa wuya, kuma da yunwa ake zuwa. A sake farawa, lokaci ba zai kai ba. Ƙanwar makiyayi, wadda aka warware musu komai da Hausa ita da yayanta, ta sauko daga jirgi da farin bandeji a wuya. Da hadarin farko ya haɗo, manomi da matarsa suna tsaye a gaɓa, jirgi yana ƙanƙancewa a kan ruwa, sarewar nan tana ta busawa a gefensa.

Da bai iya komai ba, da tafinta ya tsaya masa. Don haka ba roƙonka na zo yi ba, Malam Sallau. Ka sauke allon nan yau. Ka kira Ɗanlami da duk wanda ka sallama, ka zaunar da su ka yi ta yi musu magana har kunnuwansu su buɗe. Jimlar farko da za ka sa a bakinsu ita ce: ban gane ba, a nemo mini tafinta. Gobe zan dawo in zauna a bayan aji in ji da kunnena. Ka sake su haka, ka ɗaure musu hannu a wuya ke nan ka tura su ƙasar mutane, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne.